Yadda ake yaba wa yaro a kan karatu ba tare da an kashe masa gwiwa ba

Ranar da ake raba sakamakon jarrabawa, in ka tsaya a ƙofar makarantarmu a Agege da ke Legas, ba sai ka buɗe takardar kowa ba za ka san abin da ke ciki. Wani yaro zai fito a guje yana ɗaga tasa sama. Wani kuma ya ninke ta gida huɗu ya cusa a safa, yana jan ƙafa har layin ya watse. Tambayar da ke jiransu a gida iri ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" Daga amsar sai a yanke hukunci. Wannan kansa na ja, kakansa ya gado. Wancan kuwa daƙiƙi ne, asarar kuɗin makaranta kawai ake yi.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyarwa a firamare, da yamma kuma ina yi wa yaran unguwa lesin a baranda. Na daɗe ina ɗauka kalmar "daƙiƙi" ce kaɗai ke yi wa yaro illa. Sai da abin ya faru a ɗakina na gane "haziƙi" ma tana da nata dafin. Babbar 'yata tun tana aji biyu take zuwa ta ɗaya, har mutanen gidan hayarmu suka laƙaba mata "Likita". Ni ba na yabon ta a gabanta saboda kara, amma tana ji ina faɗa wa 'yan'uwa a waya cewa ita ko ba ta duba littafi ba ci take yi. Da ta shiga ƙaramar sakandare ta gamu da lissafin da bai zo mata da sauƙi ba, sai ta daina ɗaga hannu a aji. Wata rana ina kakkaɓe katifa na tsinci takardar gwaji: ta ci 9 cikin 20, ta sa biro ta mayar da shi 19. Na yi faɗa har na gaji. Da na huce na tambaye ta dalili, ta ce, "Umma, in kuka gani za ku san ba ni da ƙoƙarin da kuke cewa." Wannan kayan ni na ɗora mata, da bakina. Matakan da zan kawo su ne na bi na gyara, kuma su nake ba iyayen yaran da nake koyarwa.

Mataki na farko: ku yi mako guda kuna sauraron bakinku

Kada ku canja komai tukuna. Ku sami ɗan littafi ko ku buɗe wurin rubutu a waya. Duk maganar da wani babba ya yi a gidan game da karatun yaro, ku rubuta ta yadda aka faɗe ta: taku, ta babansu, ta kakarsu, ta yayyensu, har ta maƙwabciyar da kuke haɗa famfo. Yaran Legas a cikin jama'a suke tashi, abin da aka faɗa a ƙofar ɗaki ɗaya ya shiga kunnen gidan gaba ɗaya.

In mako ya cika, ku raba maganganun kashi biyu. Kashi na farko masu faɗin ko wane ne yaron: kansa na ja, ɗan baiwa ne, ƙwaƙwalwar kifi gare shi, dolo, "mu gidanmu dama ba a iya lissafi". Kashi na biyu masu faɗin abin da ya aikata: ya zauna ya gama, ya sake gwadawa, bai karanta tambaya ba ya hau amsa. Ni da na yi, kashi na farko ya ci shafi biyu, na biyu layi huɗu kacal.

Ku lura da wani abu a harshenmu. Kalmar da muke kiran yaro mai ganewa da ita "ƙoƙari" ce, wato fafutuka da jajircewa. Magabata sun san daga inda karatu ke fitowa. Mu ne muka mayar da ita kamar wata kadara, muke cewa "yana da ƙoƙari", "ba shi da ƙoƙari", kamar yadda za a ce yana da tsawo. Shi kuma "ka yi ƙoƙari" muka bar shi ya zama jaje ga wanda ya faɗi. Duk aikin da ke gabanmu shi ne mu mayar da kalmar gidanta.

Mataki na biyu: ku fahimci abin da yabo ke yi a zuciyar yaro

A shekarar 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka fitar da sakamakon gwaje-gwaje shida da suka yi da yara 'yan aji biyar sama da 400. Sun ba kowane yaro wasu tambayoyi na wasa ƙwaƙwalwa, na cike zanen da ya ɓata a jerin zane-zane, masu matsakaicin wuya. Da ya gama sai a ce masa ya ci maki mai kyau. Daga nan aka raba su. Wasu aka ƙara musu da cewa lalle suna da kaifin basira a wannan abu, wasu kuma aka ce lalle sun dage sun yi aiki. Jimla ɗaya tak ce ta bambanta su.

Sai aka ba su zaɓin abin da za su yi nan gaba. A gwajin farko, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yabi basirarsu suka zaɓi mai sauƙi, wanda zai ci gaba da nuna su masu basira. Waɗanda aka yabi aikinsu kuwa, fiye da tara cikin goma suka zaɓi wanda za su koyi sabon abu a cikinsa ko da za su yi kuskure. Bayan haka aka ba kowa tambayoyi masu tsauri, aka ce masa bai yi abin kirki ba. 'Yan rukunin basira suka ce abin ya daina yi musu daɗi, ba su son ci gaba, kuma suka ɗora faɗuwar a kan rashin iyawa. Da aka sake ba su tambayoyi masu sauƙin na farko, makinsu ya yi ƙasa da na farkon, na 'yan rukunin aiki kuma ya yi sama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshe. An ce su rubuta makin da suka ci don a nuna wa wasu yara na wani gari da ba su san su ba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka yabi basirarsu suka ƙara wa kansu maki. A ɗaya rukunin, wajen kashi 13 ne. Ranar da na karanta wannan, takardar ƙarƙashin katifa ce ta faɗo mini.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka gaya wa yaro ya ci ne saboda yana da kai, ka gaya masa ke nan ranar da ya faɗi kan ne babu. Daga nan kowace tambaya mai wuya ta zama barazana ga sunansa, sai ya riƙa kauce mata, ya ɓoye kuskure, ya ji kunyar tambaya. Wanda ya ɗauka aikinsa ne ya kai shi, in ya faɗi yana da abin da zai taɓa ya gyara.

Mataki na uku: ku yabi abin da idonku ya gani

Ƙa'idar ita ce ku ambaci abin da yaron ya yi, takamaimai, yadda zai iya maimaita shi gobe. Maimakon "kai, yaron nan akwai kai", ku ce, "Na ga da amsar ba ta fito ba, ka goge ka sake ta wata hanya, ita ce ta fitar da kai." Maimakon "ke gwana ce a Turanci", ku ce, "Kalmomi biyar ɗin nan da kika rubuta a bango kina karantawa kullum, ga shi duk kin ci su." In ya kawo hadda ba gargada, ku tuna masa asubahin da ya riƙa tashi yana maimaitawa.

Wannan yana da sharaɗi: ba a yabon abin da ba a gani ba. Dole a zauna da yaro yana aiki, ko da minti goma ne. Na san yadda rayuwar garin nan take. Uba ya fita kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba tun kafin a kira assalatu, bai dawo ba sai bayan isha'i, gosulo ya gama da shi. To ko sau biyu a mako ne, a ware minti goman. Wadda ba ta yi boko ba ma kada ta ce wannan ba nata ba ne. Ki ce masa, "Zo ka koya mini abin da aka yi muku yau." Yana bayani za ki ji inda bakinsa ke gudu da inda yake tuntuɓe, kuma shi kansa bayanin karatu ne. Akwai wata Hajiya mai sayar da abinci da ɗanta ke zuwa lesin wurina, ko sunanta ba ta rubutawa da boko, amma ita ta fara gano cewa yaron yana haddace jadawalin sau ne kamar waƙa, in an tsinko masa daga tsakiya sai ya koma farko.

Kada kuma a cika gishiri. Wani bincike da Eddie Brummelman da abokan aikinsa suka fitar a 2014 a ƙasar Holan ya nuna cewa yaran da tun farko ba su yarda da kansu ba, in aka zuzuta zanensu fiye da kima, sai su guji zane mai wuya a gaba, don suna tsoron ba za su sake kai wa wancan matsayin ba. Kuma irin waɗannan yaran ne manya suka fi yi wa zuzutawar, don tausayi. Yaro yana gane yabon da aka yi don a lallashe shi.

"Tubarkalla masha Allah" da "Allah ya yi maka albarka" kada su bar bakinku. Babu abin da ya kai su daɗi a kunnen ɗa. Ku dai haɗa su da dalilinsu: "Allah ya yi miki albarka, kin zauna kin gama aikin gida kafin ki fita wasa ba a ce miki ba." Mai jin nauyin yabon ɗan fari ma wannan hanyar ta fi masa sauƙi, don labarin abin da ya faru kake bayarwa.

A fara tun suna ƙanana. Elizabeth Gunderson da abokan aikinta sun ɗauki bidiyon iyaye da yaransu 53 a gidajensu lokacin yaran suna tsakanin shekara ɗaya da uku, suka koma musu suna shekara bakwai zuwa takwas. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna waɗanda aka fi yabon aikinsu tun suna tatata sun fi son abu mai wuya, sun fi yarda cewa basira tana ƙaruwa. Sun kuma lura yara maza sun fi mata samun irin wannan yabon. Mu duba gidajenmu: in yarinya ta yi abu, sau nawa muke tsayawa a "kyakkyawa" da "mai hankali"?

Mataki na huɗu: a janye sunayen, a daina auna ɗa da ɗa

A gidajenmu yabon da ya wuce kima bai kai zagi yawa ba, gaskiya ke nan. Daƙiƙi, jaki, dolo, kan kwakwa. Muna faɗa ne don yaro ya ji zafi ya zabura, amma abin da yake ji shi ne an gama da shi, to wahalar me zai sha? Na koyar da yaran da in ka miƙa musu alli sai su ce, "Malama, ni ai ba na ganewa," da murya a sake, kamar mai faɗin sunan garinsu.

Faɗa ba a hana ba. A yi shi a kan aikin: "Ba ka duba littafinka ba duk makon nan, ƙwallo ka sa a gaba, ga sakamakon." Wannan magana ce mai zafi, amma ta bar masa ƙofa. Sannan a daina "dubi ƙanwarka". A gidan da ake da 'yan uba, wannan kalmar tana wuce karatu ta shiga zumunci, ta daɗe ba ta fita ba. In za a auna yaro, a auna shi da kansa na zangon da ya wuce.

Sai kun yi da manya kafin yara. Ni da babansu sai da muka zauna. Ya ce shi da bulala da "jaki" aka koya masa, ga shi ya zama mutum. Na ce, "Haka ne, Malam, amma ku nawa kuka fara ajin, ku nawa kuka gama?" Ya yi shiru yana lissafi. Kakarsu kuwa ban yi mata gyara ba, roƙon ta na yi: "Inna, ki riƙa sa masa albarka in kin gan shi da littafi, bakinki ya fi nawa tasiri." Ta karɓa da murna.

Mataki na biyar: ranar sakamako

Wannan ranar ta fi duk sauran ranakun zango nauyi. Kyla Haimovitz da Carol Dweck sun nuna a 2016 cewa yara ba su cika sanin ra'ayin iyayensu a kan basira ba, amma suna karanta yadda iyayen ke ɗaukar faɗuwa sarai. In uwa ta ɗora hannu a ka kamar an yi rasuwa, ko ta hau lallashi da "ba komai, ba kowa ne Allah ya ba lissafi ba", saƙon da yaro ke ɗauka shi ne abin ba ya gyaruwa.

Ga yadda nake yi yanzu. In ya shigo da takarda, ba na karɓa a tsaye a ƙofa. Ya cire kayan makaranta, ya ci abinci. Sannan mu zauna mu biyu, ba a gaban ƙanne ko maƙwabta ba. Ina rufe gurbin "na nawa" da babban yatsa, mu fara bin darussa ɗaya bayan ɗaya, takardar zangon baya tana gefe. Tambayata ta farko: "Wanne ne ya fi ba ka wuya, kuma ya aka yi ka samu abin da ka samu a ciki?" Ta biyu: "Ina ne ka ƙaru?" Ko daga 38 ya koma 46, ƙaruwa ce, a tambaye shi me ya canja. Sai a ƙarshe mu zaɓi darasi ɗaya, ɗaya tak, da za mu sa a gaba a zango mai zuwa, mu faɗi abin da za a yi da lokacin da za a yi shi.

Matsayi a aji ba ƙarya ba ne, amma labarin sauran yara yake bayarwa fiye da na ɗanka. Na biyar a aji mai ƙarfi zai iya fin na ɗaya a wani ajin. In kuma kun saba ba da kyauta, kada ku ɗaura ta a kan zuwa na ɗaya, don kujerar mutum ɗaya ce a aji na yara hamsin. Ku ɗaura ta a kan abin da ke hannunsa, kamar gama aikin gida kullum na wata guda.

Mataki na shida: ku nemo daidai inda ya maƙale

Nan ne mutane da yawa ke ɓata. Sun ji an ce a yabi ƙoƙari, sai su yi ta cewa "ƙara dagewa" ga yaron da ya riga ya dage har ya gaji. Ita kanta Dweck ta fito a 2015 ta yi gargaɗi a kan haka, ta ce dagewa kaɗai ba ta isa ba, sai da sauya dabara da neman taimako. Wanda ke tura ƙofar da ake ja, ƙarin ƙarfi ba zai buɗe masa ba.

An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara goma da kawunsa ya ɗauko daga Sakkwato. Makaranta ta ce ba ya gane lissafi, a mayar da shi baya. Ranar Asabar yana taya kawun a rumfar albasa. Na ce masa da Hausa, "Mace ta sayi kashi uku, kowanne naira 700, ta ba ka 2,500, nawa ne canjinta?" Kafin in rufe baki ya ce 400. Na rubuta masa tambayar da Turanci a allo, ya tsaya yana kallona. Lissafinsa lafiya lau, Turancin tambayar ne bai iya ba. Ku tuna yaron Bahaushe a Legas da harshe nawa yake kokawa: Hausa a ɗaki, Yarbanci da buroka a layi, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya, ga shi tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Wanda ke juya harsuna huɗu ko biyar a yini, a ce masa daƙiƙi, an zalunce shi.

Don haka ku ɗauki takardar da ya faɗi, ku bi ta tambaya bayan tambaya. Ku ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗa muku da Hausa abin da ake nema. In ya kasa a nan, matsalar karatu ce ko harshe. In ya faɗa daidai amma ya kasa aikin, ku koma baya mataki-mataki har ku iso inda ƙafarsa ke taka ƙasa, daga nan za a ɗora. Sau da yawa wanda rabawa ta gagara, jadawalin sau ne bai zauna masa ba tun aji uku.

Ku duba jikinsa ma. Yana ƙanƙance ido in yana kallon allo? Sai an maimaita masa magana? Yana karyawa kafin ya fita? Ƙarfe nawa yake barci, in ana kallo a ɗakin har sha biyu ga zafi ga ƙarar janareto? Mai sikila ko mai yawan zazzaɓi da ke rasa makonni, giɓi ne ke tarar masa. Akwai kuma yaran da haruffa ke rikice musu duk da kaifinsu a magana, su juya wannan su tsallake wancan. Irin wannan a kai shi a duba shi, a kuma sanar da makaranta. Bulala ba ta taɓa gyara ido ba.

Mataki na bakwai: ku ba shi hanyar karatu, kuna da ita a gida

Yawancin yara in an ce su yi karatu, littafi suke buɗewa su yi ta bin sa da ido. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai a Amurka: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta suka rufe suka yi ƙoƙarin tuno shi. Bayan mako guda masu rufewa su tuno sun fi riƙewa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Malam ya biya maka kaɗan, ka maimaita, ka kifa allo ka kawo da ka, sai ya zauna za a ce ka wanke a yi maka ƙari, na baya kuma kullum ana tilawarsa don kada ya gudu.

Ku ɗauko tsarin nan ku kai shi kan boko. Ya karanta shafi ɗaya, ya rufe, ya faɗa ko ya rubuta abin da ya tuna, ya buɗe ya ga abin da ya tsere masa. Gobe kafin sabo, a taɓa na jiya. Ranar Asabar a taɓa na mako. Minti ashirin kullum ya fi awa huɗu a daren jarrabawa, musamman ga 'yan aji shida masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Kuma ga abin yabo ya samu a sauƙaƙe: "Jiya abu uku ka tuna, yau shida."

Mataki na takwas: ku gaya masa ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa

Yara suna son labarin direbobin tasi na Landan. Kafin a ba mutum lasisi sai ya haddace tituna kusan 25,000, abin da kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, ta ga sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma ta baya, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin gwargwadon girmansa. Nakan ce wa yara, ɗan acaɓan da ya sauka a garin nan bai san Oshodi daga Obalende ba, bayan shekara biyu ya san lungun da ko ɗan gari bai sani ba, da wannan aka haife shi?

Wani zai ce ai basira baiwa ce. Haka ne, Allah bai yi mu daidai ba, wani sau ɗaya yake ji ya riƙe, wani sai sau goma. Amma ba wanda aka nuna wa iyakar rabon ɗansa, balle ya yanke masa ita yana aji uku. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce wanda yake karanta Alƙur'ani yana gargada, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Ban san wata magana da ta fi wannan ɗaga yaron da ke baya a aji ba, kuma na ga idon yara ya canja da jin ta.

Mataki na tara: kada a manta da wanda komai ke zo masa da sauƙi

Shi ne ya fi shiga haɗari, don ba wanda ke damuwa da shi. In ya gama aiki cikin minti biyu ya ci duka, kada a yi guɗa. A ce, "Wannan ya yi maka sauƙi, bai ƙara maka komai ba, bari mu nemo wanda zai sa ka gumi." A roƙi malami ya riƙa ba shi na gaba. Gara ya saba da maƙalewa yana firamare, kuna kusa, da ya fara haɗuwa da ita a aji ukun babbar sakandare WAEC na ƙofa. Ku riƙa ba shi labarin abin da ku kanku kuka sha wuya kafin ku iya, ko ɗinki ne, ko tuƙi, ko Yarbancin ciniki.

Mataki na goma: ku je wurin malaminsa, kuma ku daidaita tsammaninku

Kada ku jira sai an kira ku. In kun je, "yana da ƙoƙari kuwa?" ba za ta samo muku komai ba sai "ba laifi". Ku ce, "Malam, wane abu ɗaya ne in ya iya shi zai fi taimaka masa a wannan zangon? Yana tambaya a aji? In ya yi kuskure me yake yi?" In akwai sunan da ake kiran sa da shi a aji, ku nemi a bari, cikin girmamawa. Malamin da ke fama da yara sittin zai fi sauraron wanda ya zo da "me zan yi a gida" a kan wanda ya zo da ƙorafi.

Ba zan ce muku canja kalmomi zai mayar da na arba'in na ɗaya ba. Babban gwajin da David Yeager ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya shafi ɗalibai sama da 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka. An koya musu cewa basira tana ƙaruwa, a darasin intanet da bai kai awa ɗaya ba. Makin masu rauni ya ƙaru, amma kaɗan, kimanin 0.1 a ma'aunin da ke tsayawa a 4, kuma ya fi tasiri a makarantun da sauran ɗalibai ba sa yi wa mai dagewa dariya. Wasu masu binciken da suka sake gwajin yabo a ƙasar Sin ba su samu duk abin da aka samu a 1998 ba. Magana mai kyau ba ta maye gurbin malami mai koyarwa da littafi da cikin da ya ƙoshi. Abin da take yi shi ne ta hana yaro sakin igiya tun kafin waɗannan su yi aikinsu.

Saboda haka in zango ya zagayo, kafin ku duba maki, ku duba wasu alamu. Yana kawo takardar da ya faɗi da kansa? Ya fara cewa "ban gane nan ba" a madadin "ba na ganewa"? In amsa ta ƙi, yana sake gwadawa kafin ya ture littafi? Ku kuma sake ɗauko ɗan littafin nan na mako guda, ku ga wane kashi ne ya fi tsawo yanzu.

A gidanmu sai da aka yi zango biyu kafin in ga alamar farko. Ina tsinke alayyafo ta shigo ta ajiye mini takarda a kan tabarma, 11 cikin 20, ba gyaran biro. Ta sa yatsa a kan tambaya ta shida ta ce, "Umma, wannan har yanzu ban san me ya sa aka kashe mini ba." Muka zauna a kanta har aka kira isha'i, ni ma ta ƙi fitar mini. Muka yi mata alama da jan biro, da safe ta kai wa malaminsu.